Guraben Koyarwa a Jami'a: Cancanta ko Sanayya?

Duk tallan neman malamai da jami'o'in Najeriya ke bugawa a jarida, sharuɗɗansa kusan ɗaya ne. Mai son shiga a matakin farko sai ya zo da digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, da takardar kammala yi wa ƙasa hidima. Matakan sama kuwa digirin digirgir ake tambaya. Ga tulin kwafin takardu, ga mutum uku da za su shaide shi, kowa ya aika wasiƙarsa kai tsaye ga magatakarda.

A rubuce, babu abin kushewa. Sai dai sau da yawa kafin tallan ya fito an riga an raba guraben. Wani lokaci ma ba a tallatawa, sai a ce ai cike gurbin waɗanda suka bar aiki ne, a yi shi a ɗaka. Yaron da ya fi kowa a ajinsu yana can yana fama a makarantar kuɗi, ɗan wane kuma ya riƙe alli gaban ɗalibai makil da zaure.

An daɗe shugabannin jami'o'i suna kukan cewa tsarin albashi na IPPIS ya ɗaure musu hannu wajen ɗaukar ma'aikata. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire jami'o'in daga tsarin. To, uzuri ya ragu.

Majalisun gudanarwa na jami'o'i, don Allah a tallata kowane gurbi, kuma mai nema ya tsaya ya koyar gaban kwamiti kafin a miƙa masa takardar kama aiki.