ALJIHUN ƘUNGIYAR MALAMAN AREWA: DAGA KARO-KARO ZUWA YANKAN ALBASHI

Jama'a, duk mai son sanin ƙarfin ƙungiya, to, ya tambayi inda kuɗinta ke fitowa.

A shekarar 1948 ne Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa. A lokacin nan malaman Kudu sun yi shekara 17 da tasu, watau NUT, wadda aka kafa a 1931. Malamin elementare kuwa ma'aikacin En'e ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba. Da hannu ake bin kuɗin ƙungiya, ma'aji ya bi wannan, ya roƙi wancan, ga garuruwa nesa da juna. Aljihun nan bai taɓa yin nauyi ba. Amma kowane sule da ya shiga, mai shi ne ya ba da da kansa, babu wata hukuma da ke da ikon tare shi a hanya.

A 1972 ƙungiyar ta haɗe da NUT, malaman jihohin Arewa suka zama rassan uwa ɗaya. Sa'an nan abubuwa uku suka biyo baya. Ƙarin albashin Udoji ya zo, aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976 aka ɗebi malamai dubbai, kana dokar soja ta 1978 ta tilasta a riƙa yanke kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya isa hannun ma'aikaci. Ma'aji ya huta da yawo, kuɗi suka riƙa shigowa wata-wata.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ke biyan albashi shi ne ke yankan, shi ne kuma ke miƙawa. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, jihohi da dama suka yi watanni ba su biya malamai ba, kuma watan da babu albashi babu abin yanka. Watau ranar da malami ya fi bukatar ƙungiya ta tsaya masa, ranar ce aljihunta ya fi bushewa. Wani lokaci ma a yanke, a ƙi miƙawa, sai shugabanni su koma roƙon gwamnatin da suke jayayya da ita. Faɗuwar darajar Naira daga 1986 ta cinye sauran.

A 2005 aka gyara doka, shiga ƙungiya ya zama ganin dama. Malaman sakandare kuma wasunsu suka ja gefe da tasu ƙungiyar, aka daɗe ana shari'a a kan wanda ya cancanci karɓar kuɗinsu.

Jihar Kaduna ta nuna iyakar abin. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ta sallame su. Reshen NUT ya shiga yajin aiki a Janairun 2018, a daidai lokacin da sunayen masu biyansa ke fita daga takardar albashi.