Dosiyen da ba a kai ba, ba ya cin tallafi

Jawabin da na yi a zaman matasa na Maraɗi. Ga shi a rubuce saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa ya taɓa kai dosiye yana neman tallafin gwamnati don wata sana'a? Hannu huɗu nake gani, ga ɗaki cike maƙil. To wa ya taɓa cewa kuɗin nan na masu uwa a gindin murhu ne? Kun ji dariya. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Amma mu tuna abin da munka gani da idonmu. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ƙarshen Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, iyaka ta sake rufuwa har Maris na 2024. Duka biyun Maraɗi ta ji a jikinta: ɗan kabu-kabu, mai dako, mai tuwo a tasha, duk wanda abincinsa ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Garin da ƙofar abincinsa ɗaya ce, ranar da anka kulle ta sai kwana da yunwa.

Shi ya sa ake maganar faɗaɗa hanyoyin arzikin jihohi. Uraniyum na Arlit da man Agadem suna kawo wa ƙasa kuɗi, matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011, amma matasa nawa za su ɗauka? Abin da zai ɗauke mu da yawa yana hannunmu: ayar yankin Aguié da Gazaoua, fatar jar akuyar Maraɗi, albasar Galmi, gyaɗa, riɗi, wake. Muna sayar da su ɗanye, wasu su sarrafa su ci ribar. Sarrafawa kuwa tana son inji, inji yana son jari.

To ina ƙofofin? Akwai FISAN, asusun da anka kafa a 2017 don zuba jari a noma, kiwo da sarrafa amfanin gona. Tsarin da anka san shi da shi: kai ka kawo kashi 10 cikin ɗari, a ba ka tallafin kashi 40, banki ko asusun lamuni ya ranta maka kashi 50. In aikinka na miliyan 3 ne, kenan jaka 300 daga aljihunka, miliyan 1 da jaka 200 tallafi, miliyan 1 da rabi bashi. Ku ji da kyau: rabi bashi ne, kuma biyansa ake. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambaya tun farko ko akwai hanyar da ta dace da shari'a, kafin ya sa hannu. Akwai CRA, majalisar manoma ta kowace jiha, mai ba da shawara kan tsara aiki. Akwai FAFPA don koyon sana'a, da Maison de l'Entreprise don rajistar kamfani. Manyan ayyuka irin su kasuwa ko rumbun ajiya kuwa, kwamin ce ke nemansu, ANFICT na cikin hanyoyin da kuɗinsu ke bi.

Yanzu in ba ku labarin faɗuwata. Bayan na gama jami'a, mu bakwai munka haɗu za mu yi garin aya da man gyaɗa. Munka ji sanarwar wani asusu, ba zan kama suna ba, saura kwana 9 a rufe. Na zauna na rubuta shafi 30 da Faransanci mai daɗi, ina jin kaina. Wata uku shiru, sai amsa ta zo: ba mu ci ba. Na ce shi ke nan, an ba ƴaƴan manya. Wata yayarmu a ƙungiyar, wadda ko lakkol ba ta gama ba, ta ce, "Ƙanena, je ka tambayo dalili, tambaya ba ta cizo." Na je. Ma'aikacin ya buɗe dosiyenmu gabana. Filin da za mu kafa injin na kawun ɗayanmu ne, babu takarda ko ɗaya. Farashin injin daga bakin wani munka ji shi. Ƙungiyarmu ba ta da rajista. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa zai sayi garin?" Wallahi na rasa ta cewa. Shafi 30, ban rubuta sunan mai saye ko ɗaya ba.

Abin da na koya ke nan nake son in bar muku.

Takardu kafin sanarwa ake haɗa su. Ranar da kunka ji a rediyo, lokaci ya riga ya ƙure. Ƙungiyar haɗin gwiwa mai sauƙi, wadda dokar OHADA ke kira SCOOPS, mutum 5 sun isa su kafa ta. Mai kamfani ya nemi RCCM da NIF. Fili kuwa, ko aro ne ko gado, a je hukumar filaye ta COFO a yi masa takarda. Farashin inji a karɓo shi a rubuce daga mai sayarwa, da tambarinsa.

Lissafi ya fi Faransanci. Nawa kake sayen buhu lokacin kaka, nawa yake kaiwa da bazara? Nawa wuta ke ci, kuma in anka ɗauke ta me za ka yi? Wane mai shago ya yarda zai karɓi kayanka? Shafi 5 mai amsa waɗannan ya fi nawa mai 30.

Kashi 10 ɗin nan, adashe na iya tara shi. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka.

Sannan kada ku ba kowa ko dala don ya "tura" muku dosiye. Mu ma wani ya zo mana da wannan magana, wai ya san na ciki. Ranar da ka ba da, ka sayar da bakinka, ba ka da ta cewa gobe. Ku ajiye dosiye da hannunku, ku karɓi takardar shaida mai kwanan wata, ku riƙe fotokopin komai.

Ban ce babu son kai ba. Akwai, kuma kowa ya sani. Amma ku duba: in mu ba mu nema ba, mai rabon zai ce babu wanda ya zo, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ke riƙe da takardar shaidar ajiya, shi ke da bakin tambaya. Kuɗin nan harajinmu ne, ko bashi da tallafin da anka karɓo da sunanmu. Don haka muna kira ga hukumomi: a yi sanarwa da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo, a ba da wa'adin da ya isa, a manna sunayen waɗanda sunka ci da adadin kuɗin a ƙofar ofis, wanda ya faɗi kuma a rubuta masa dalili.

Mu bakwai ɗin nan yanzu muna da rajista, muna da takardar fili, kuma masu shago uku sun sa mana hannu. Mun sake kaiwa, muna jira. Ko mu ci ko mu faɗi, wannan karon za mu san dalili.

Ga aikin gida. Kafin zamanmu na gaba, kowa ya nemo mutum huɗu da ya yarda da su, ku zaɓi abu ɗaya da yankinku ke nomawa ko kiwatawa, ku zo da lissafinsa ko a takardar littafin lakkol ce. Za mu duba tare, kyauta. Ina son ranar da na sake yin tambayar nan, in kasa ƙirga hannuwa.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa albarka a nemanmu.