Kada Mu Ce Da Babu Gara Ba Daɗi

(Jawabin da aka gabatar a taron ikkilisiyoyin ƙauyuka na yankin Malumfashi)



Mu Hausawa mukan ce da babu gara ba daɗi. A kasuwa wannan magana tana da amfani. Amma a sha'anin baiwar Ruhu Mai Tsarki ta cuce mu. Da yawa daga cikinmu mun gamsu da zuwa sujada ranar Lahadi, mu ba da baiko, mu koma gida. Idan aka nemi mai yin wani aiki, sai ka ji an ce, "Ni manomi ne kawai, a bar wa fasto." Ga shi a wasu wurare mai bishara ɗaya ne yake zagaya ƙauyuka da dama. Ranar da bai iso ba, sai aiki ya tsaya.

A 1 Korantiyawa sura 12, Manzo Bulus ya nuna cewa Ruhu yana ba kowane mai bi baiwa domin amfanin jama'a duka, ya kuma ce mu himmatu ga neman mafi girma. Cikin jerin da ya kawo akwai koyarwa da warkarwa, akwai kuma taimako da iya tafiyar da al'amura. Romawa sura 12 ta ƙara da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da jinƙai.

Ku dubi gayya. Wani na huɗa, wani na kiɗa, mata na kawo fura da ruwa. Idan kowa ya zauna a inuwa yana jiran mai gona, damina za ta wuce gona na nan saura. Haka ikkilisiya take.

A Ayyukan Manzanni sura 6, an yi gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye. Manzanni suka ce a zaɓi mutum 7 cike da Ruhu da hikima. Ku lura, rabon abinci ne, amma an nemi masu Ruhu. Cikinsu Istifanas da Filibus suka fito. Saboda haka wanda yake riƙe da makullin rumbun ikkilisiya, yana auna masara da dawa da gaskiya daga kaka har zuwa watan Agusta lokacin da abinci ke ƙarewa a gidaje, shi ma aikin Ruhu yake yi. Inda babu irinsa, ko an kawo taimako daga waje, gardama ce take cinye shi.

Mun fi na dā dama. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da aka kafa ECWA a 1954, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa, manoma irinmu suka koyi karatu suka kai bishara ƙauye ƙauye. Da sun ce abin da suke da shi ya isa, da yau ba mu taru a nan ba.

To, yaya za mu nema?

1. Mu roƙa cikin addu'a. Baiwa kyauta ce, ba a sayenta. Saminu masihirci ya miƙa kuɗi, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai. Ku yi hankali da duk wanda ya ce ku biya kafin ya ɗora muku hannu.

2. Mu gwada. Ka ɗauki ajin yara na wata ɗaya. Ki ziyarci marar lafiya. Ka riƙe littafin kuɗi. Iri da aka bari a rumbu ƙwari ne suke cinsa.

3. Mu saurari 'yan'uwa. Sau da yawa su suke fara ganin baiwarka. Dattawa kuma, ku ba mata da matasa fili.

4. Mu riƙe ƙauna. Sura 13 ta biyo bayan sura 12 domin kada baiwa ta zama abin fahariya.

Roƙona shi ne, kafin taro mai zuwa, kowace ikkilisiya ta zauna ta tambayi kowane mutum da sunansa, me Allah ya sa a hannunka? Sa'an nan a ba shi aiki.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.