Rariya Ta Toshe: Yadda Ake Buɗe Ta

 

Yau maganarmu kan rariya ce, wadda ke fidda ruwan wanke-wanke daga bakin madafa zuwa waje. A ƙauye rami ne ƙarƙashin katanga. A Ƙonni da Malbaza da Illela, gidaje da yawa sun sa tiyo na roba, wasu ma har da kwanon wanke-wanke mai famfo. Duk ciwonsu ɗaya ne. Yau ruwa yana tafiya a hankali, gobe ya tsaya cik.

Ni kaina abin ya taɓa samuna. Rariyar gidanmu ta toshe, na ce sai na samu sukuni. Ruwa ya kwanta gindin katangar da ta raba mu da maƙwabci, ya yi ta cin ta. Da damina ta sauka, katanga ta faɗi. Mun yi wata biyu ba mu gaisa ba, sai da mai unguwa ya shirya mu.

Me ke toshe rariya? Babban mai laifi shi ne maiƙo. Man gyaɗa da manja da kitsen nama suna bin ruwa in yana da ɗumi. Da sun huce sai su manne a jikin tiyo. Bayan haka sai toka da rairayin da mata ke goge tukunya su zo su zauna bisa maiƙon. Ƙanzon tuwo ya zo, ɓawon albasa ya zo. Na ƙarshe ita ce leda. Tun shekarar 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana leda, amma ku duba bakin rariyarku ku gani.

To, in ta toshe, kada a fara da zuba ruwa. A fara kwashe ruwan da ya kwanta da tsohon kwano. A sa leda a hannu, a ciro abin da hannu ya kai. Sannan a ɗora ruwa a wuta, a jefa kanwa ko garin sabulu, a zuba a hankali. Ruwan zafi yana narke maiƙo, kanwa tana taimaka masa. A jira kaɗan, a sake. Amma in tiyon roba ne, kada a zuba ruwa yana tafasa. A sauke shi ya ɗan huce, don tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba, yana saki mahaɗa.

In bai wuce ba, a samo waya mai ƙarfi, a lanƙwashe bakinta kamar ƙugiya. A zura, a juya, a jawo. Ku ji da kyau: jawowa ake yi, ba turawa ba. Wanda ya dinga cusa sanda yana dannawa, ya kai dattin can ciki inda hannu ba ya kaiwa. In bakin rariya na waje ya fi kusa, a biyo ta can.

Masu kwano mai famfo, ku leƙa ƙarƙashinsa. Akwai wani wuri da tiyo ya lanƙwashe, ko ya yi kamar ƴar kwalba. An yi shi ne don ruwa kaɗan ya zauna ciki, ya tare wari. Nan datti ya fi taruwa. A aje bokiti a ƙasa, a kwance shi da hannu, a zubar, a wanke, a mayar. Kada a manta da zoben roba, in ba shi zai yi yoyo.

Wasu suna zuba soda ko ruwan batir. Ina roƙonku ku bari. Suna ƙona hannu, in sun fantsama a ido suna makantarwa, kuma yara a nan suke wasa. Kada kuma a gauraya su da ruwan jabel, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Wanda abin ya taɓa, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta da yawa, a kai shi likita.

Wani zai ce, duk wannan saboda ruwan wanke-wanke? Saboda ɗiyanmu ne. Lokacin zafi, ƙwan sauro yana zama sauro cikin mako guda ko kwana 10. Sauron baƙin ruwa shi ne mai kuka a kunne, mai hana barci. Wanda ke kawo masassara ya fi son ruwan sama da ya kwanta. To rariyar da ta toshe ita ke riƙe ruwan sama a tsakar gida. Ga kuma zawo. A wurin nan ake wanke wa jinjiri kashi, ƙuda ya sauka can ya tashi ya sauka bisa tuwo. Kun tuna shekarar 2021, da ciwon amai da zawo ya kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, fiye da 150 suka rasu. Jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya taɓa.

Saura inda ruwan zai tafi. Buɗe rariya a sako wa mutane ruwa kan hanya bai gama aiki ba. A gina rami mai faɗin mita 1, zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi. A cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a sama. Dutse kuwa ba ya wuya a ƙasar Adar. A sa bakin tiyo ciki, a rufe, don kada yaro ko akuya su faɗa. Ramin ya yi nisa da katanga, ya kuma yi nisa da rijiya kamar mita 30, wato taku 40 na babban mutum. Tiyon ya zama da gangare, santimita 2 a kowace mita. In ya kwanta daidai, ruwa ba ya gudu.

Jigawa tana shanye ruwa da sauri. Mutanen fadamar Maggiya, wajen Galmi da Dogarawa da Tsarnawa, inda ƙasa ta zama laka, sai ku faɗaɗa ramin, ku rage ruwan da kuke tura masa. Na wankin hatsi da na ɗauraya a ba itace ko a yayyafa tsakar gida.

Iyayena mata, ga naku na kullum. Kafin a wanke tukunya, a kankare ta, a ba kaji da awaki. Ruwan farko mai toka da rairayi a kai shi juji. A samo gwangwanin tumatir babba, a huhhuda shi da ƙusa, a kafa a bakin rariya, a zazzage shi kowace safiya. Ran Juma'a a zuba ruwan zafi tukunya guda. Maigida kuma, kafin ruwan farko na damina, ya ɗaga murfin ramin. In laka ta cike tsakanin duwatsu, ya fiddo su ya wanke ya mayar.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, malam zai rubuta ta a allo mu karanta tare.