Naƙasa Ba Kasawa Ba Ce: Jawabi ga Jama'ar Masaka a Kan Motsa Jiki

Masu unguwanni, malamai, iyaye maza da mata, da sauran jama'ar Masaka: wannan jawabi ya shafi kowane gida da ke da wanda shan-inna ta gurgunta, ko wanda ya rasa hannu ko ƙafa a haɗarin mota.

A gidaje da yawa akan ajiye irin wannan mutum a ɗaki ko a zaure, a hana shi ko da ɗaukar buta, wai don tausayi. To, irin wannan tausayi cutarwa ne. Gaɓar da ba a motsa ta takan sandare, tsoka kuma ta saki. Yawan zama wuri ɗaya yakan haifar da gyambo a mazaunai, ya jawo ƙiba da hawan jini da ciwon sukari. Saboda haka ne a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi mai naƙasa, kamar kowa, ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin sa'a a rana har kwana biyar.

Wanda ke shakka ya dubi ƙwallon guragu. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano wanda shan-inna ta taɓa, shi ya ƙago wasan a Ikko a 1988. 'Yan wasa sukan zauna a kan katako mai ƙananan tayoyi, su tura kansu da hannu, su buga ƙwallo da hannu. Har wa yau, a wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a Rio ta ƙasar Brazil a 2016, Nijeriya ta ci lambobin zinariya 8, shida daga cikinsu a ɗaga ƙarfe.

Ba a ce sai kowa ya ciwo zinariya ba. Mai keken guragu ya tuƙa shi da kansa da safe ko bayan la'asar, a cikin unguwa, nesa da titin Abuja zuwa Keffi mai yawan motoci. Wanda ba ya iya fita ya cika gorar roba da yashi, ya riƙa ɗagawa yana zaune. A fara kaɗan-kaɗan, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya tun da fari, a kuma dakata in kafaɗa ta soma ciwo. Kada a manta da mata, domin su aka fi barinsu a cikin gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana roƙon masu unguwanni da shugabannin makarantu su ware wa naƙasassu rana a filin wasa, su share duwatsu, su rufe lambatun da ke tare hanya. Malamai kuwa kada su bar yaro gurgu yana gadin jakunkuna sa'ad da 'yan ajinsa ke wasa. Wannan haƙƙi ne, gama dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta haramta ware su saboda naƙasa.

Kowane magidanci da ya ji wannan jawabi ya koma gida ya tambayi naƙasasshen da ke hannunsa irin wasan da yake so, sa'an nan ya raka shi fili a cikin makon nan.