JAWABI A KAN WASAN BABUR CIKIN GARI DA AIKIN OFISHIN MAGAJIN GARI



Maganar da kwamitin ƙungiya ya ɗora mana mu kawo gabanku ita ce ta wasan da samari ke yi da babura cikin lungunan gari, musamman ran salla da ran kai amarya. Kowa ya san irin wasan: a ɗaga ƙafar gaba a yi tafiya kan ta baya, a saki hannu, a hau mutum huɗu kan babur guda, a cire bututun hayaƙi don ƙara ta cika gari, a yi tsere daga bakin kasuwa zuwa ƙofar masallaci. Mai kallo yana tafi, amma uwar da ɗanta ke wasan ƙasa a ƙofar gida hannunta yana bisa ƙirji. Abin da muke so mu bayyana shi ne, akwai ofishin da doka ta ɗora wa gyaran wannan al'amari, kuma akwai hanyar da ƙungiya irin tamu za ta bi ta sa shi ya motsa.

Da farko sai mu yi wa babur adalci. A ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai mai naƙuda likita da tsakad dare, shi ke kai manomi fadama, shi ke ɗauko mai sayen albasa daga bakin gudurun na Galmi ya kai shi har bakin rumbu. Ɗan kabu-kabu da shi yake ciyar da gidansa, yana jigila tsakanin Birnin Ƙonni da bakin iyaka ta wajen Illelar Nijeriya. Saboda haka ba mu zo neman a hana hawan babur ba. Mun zo ne a raba mai neman abinci da mai neman suna.

Dalilin da ya sa muke gaggawa kuwa, mun ga abin da hani na baki ɗaya ya jawo a wasu wurare. A Kano, cikin watan Janairu na 2013, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, 'yan acaɓa masu ɗimbin yawa suka wayi gari ba sana'a. A jihar Difa an hana yawo da babur a 2015, a sassa da yawa na jihar Tilaberi kuma a farkon 2020. Waɗannan duka saboda tsaro aka yi su, dalilinsu dabam ne da namu. Amma darasin guda ne: in doka ta sauko daga sama, ba ta tambayar wane ne ɗan kabu-kabu, wane ne ɗan wasa, tana haɗa su ta yi musu kuɗin goro. Gara gari ya tsara wa kansa ƙa'ida madaidaiciya tun da sauran dama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, wa ke da ikon yin wannan ƙa'ida? A nan sai mu ɗan koma baya, domin da yawa cikin 'yan'uwa sun daɗe a waje, tsarin mulkin gida ya sake ba su nan. A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasar Nijar duka, kowace kwamin ta sami majalisarta da magajin garinta. A 2010 aka tattara dokokin ƙananan hukumomi cikin kundi guda. A 2011 aka cire Malbaza daga ƙarƙashin Ƙonni ta zama gunduma mai perfe nata, aka kuma cire Bagaruwa daga Illela. Ta haka gundumar Ƙonni ta tsaya da kwamin huɗu, watau Birnin Ƙonni da Tsarnawa da Bazaga da Alela. Malbaza tana da biyu, ita kanta da Dogarawa. Illela tana da uku, ita kanta da Badagishiri da Tajaye. Kowane ƙauye namu yana cikin ɗaya daga cikin waɗannan, kuma can ne maganarsa ta kan fara.

Kundin 2010 ya ba magajin gari ikon kiyaye zaman lafiya da tsabta da lafiyar masu bin hanya cikin garuruwan kwamin ɗinsa. Yana iya sa hannu a takardar umurni ya ce ga inda za a tsaya da abin hawa, ga inda ba a shiga ran kasuwa, ga inda za a rage gudu. Majalisar kwamin kuwa ita ke duba kasafin kuɗi ta yarda da shi, sarakunan gargajiya suna zama cikinta su ba da shawara, perfe kuma yana duba ko abin da aka yanke bai saɓa wa dokar ƙasa ba. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020, suka naɗa wakilai masu riƙon ƙwarya a madadin magadan gari. Mai zaman kujera ya sake, amma ofishin yana nan, magatakarda yana nan, mai karɓar kuɗi yana nan, kuma a can ne har wa yau ake rubuta haihuwa da aure da rasuwa, a karɓi kuɗin rumfar kasuwa da na tasha. Wanda ke da kuka a kan titin garinsu, can zai kai shi.

Sai dai a lura da abu guda don kada a yi ɓatan kai. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Madawa, da wadda ta rabu a Tsarnawa ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa, hanyoyin ƙasa ne. Manyan motoci na bin su dare da rana, har da masu ɗaukar siminti daga kamfanin Malbaza. Ba daidai ba ne mutanen ƙauye su tashi da kansu su gina tudu a kan gudurun don rage gudu, ko da nufinsu alheri ne, gama tudun da ba alama yana iya kashe wanda aka so a tsare. Irin wannan sai a rubuta ta hannun kwamin da perfe, su kai ga ma'aikatar da ke kula da hanyoyi. Lungunan cikin gari, da bakin kasuwa, da ƙofar lakwal, su ne maganarsu ke ƙarewa a ofishin kwamin.

Wani zai ce, ashe wasan yara har ya kai a tara dattawa a kansa? Sai mu duba lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano, in an sa ta daidai an ɗaure, tana rage hatsarin mutuwa fiye da ninki shida. Ga kuma lissafin da kowa zai iya yi da kansa: babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin mita 14 cikin daƙiƙa guda, mai gudun kilomita 30 kuwa mita 8. Kafin mahayi ya ga yaro, hankalinsa ya ba shi, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙa ta wuce. A lungun da bai fi taki goma ba, ga rairayi, ga akuya, ga amalanke, wannan tazara ita ce tsakanin tsoro da jana'iza. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a inda mutane da abubuwan hawa ke cuɗanya.

Bisa ga haka, ga abin da kwamiti ke roƙon taro ya yarda a rubuta wa ofishin kwamin. Na ɗaya, a fitar da umurni mai hana tsere da ɗaga ƙafar babur da cire bututun hayaƙi cikin gari. Na biyu, a kafa alamun rage gudu a ƙofar lakwal da makarantun allo da likita da bakin kasuwa. Na uku, ran kasuwa a keɓe wa 'yan kabu-kabu wurin tsayawa, a yi shawarar wurin tare da shugabanninsu, domin su ne suka san inda fasinja ke fitowa. Na huɗu, rakiyar amarya ta bi hanya guda da aka sani, dangin ango su ba da mutum ɗaya wanda zai amsa in wani abu ya faru. Na biyar, babur da aka kama a kai shi ma'ajiyar kwamin, tara ta zama wadda aka rubuta aka manna a bango kowa ya gani, kuma kada kowa ya biya ko dala ɗaya sai an ba shi rasit. Na shida, tun da ƙuruciya ba ta rasa zafin jini, a duba wani fili bayan gari inda samari za su gwada gwanintarsu ran salla, da hular kwano, da manya masu sa ido. Kakanninmu ma sun yi sukuwar dawaki, amma a fili suka yi ta, gaban sarki, an share hanya.

Takardar za ta fita da hannun shugaban ƙungiya da na mai gari, a kai wa magatakardan kwamin, a karɓo shaidar an ajiye ta, a kai kwafi ɗaya ga sarki, ɗaya ga perfe. Bayan wata guda wakilai biyu su koma su ji inda aka kwana. Maganar baki a gindin itace iska ke ɗauke ta. Wadda aka rubuta aka buga mata hatimi, ko mai kujera ya sake, magajinsa zai iske ta cikin fayil.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa 'yan bida. Babura da yawa da ke cikin ƙauyukan nan da guminku aka saye su, don haka kuna da ta cewa a kansu fiye da kowa. In za ku aiko wa ƙane ko ɗa da kuɗin babur, ku haɗa da na hular kwano da na takardu, watau permi da kartigiriz da asirans, ku kuma faɗa wa baban yaron ko kawunsa sharaɗin da kuka gindaya. Yaron da bai isa samun permi ba, a jinkirta masa. In an kama shi yana wasa, kada ku bugo waya daga Abijan kuna neman wanda zai sa baki a sake shi. Wahalar shekara biyu a ƙasar wani ta fi ƙarfin ta ƙare a gadon asibitin Galmi cikin yini guda.

Haka kuma maganar lanho. Harajin kwamin, wanda aka daɗe ana karɓa ta hannun masu gari, da kuɗin kasuwa da na tasha, da su ake sayen allon alama da fenti, da su ake biyan mai gadin ma'ajiya. Kwamin da asusunta ya bushe, umurninta a takarda zai tsaya. Wanda ya biya ya riƙe rasit ɗinsa, shi ke da bakin tambaya ina aka kai kuɗin. Muna roƙon kowane mai gida da ke waje ya aiko da nasa da na iyalinsa kan lokaci, don wakilanmu su shiga ofis da ƙarfin gwiwa.

Iyayenmu dattawa, ku kuma naku shi ne tsawatarwa da tsayawa kan magana guda. Ranar da aka kama jikan talaka aka ci shi tara, aka kama jikan mai hali aka sake shi, ranar ce ƙa'idar ta mutu. Muna roƙon liman ya taɓo zancen a wa'azin da ya gabaci salla, mai shela ya zaga da shi unguwa unguwa, iyaye mata kuma a ji ta bakinsu kafin a rufe takarda, gama su ne suka fi sanin lungunan da yara ke wasa.

Samari kuma, ba ƙinku ake yi ba. Ku zaɓo mutum biyu cikinku su zauna da kwamiti lokacin rubuta takardar, ku faɗi filin da kuke so da sa'ar da ta yi muku.

Wanda ke da gyara ko ƙari a kan waɗannan shawarwari shida, ya miƙa wa magatakardan ƙungiya kafin zama mai zuwa, na nesa kuma su aiko ta hannun wakilin garin da suke. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.