Karnukan Gadi Na Ƙasar Hungari: Tarbiyya Kafin Ƙarfi



Ya 'yan uwa masu sauraro, jawabinmu na yau ya shafi wasu manyan karnuka iri biyu na ƙasar Hungari da ke tsakiyar Turai, watau Komondor da Kuvasz. Sanannen abu ne cewa hadisai ingantattu sun yi rangwamen ajiye kare domin kiwo da noma da farauta, saboda haka sanin yadda ake samun karen kiwo nagari ilmi ne mai amfani.

Shi Komondor, masana tarihi suna danganta zuwansa da ƙabilar Kuman, makiyayan da suka shiga Hungari a shekarar 1239 suna gudun mayaƙan Mongol. An fara ganin sunansa a rubuce a 1544. Namijinsa yakan kai kilo 50 zuwa 60. Gashinsa fari ne, yana murɗewa kamar igiyoyi, ya zame masa garkuwa daga sanyi da haƙoran kyarkeci. Kuvasz kuwa shi ma fari ne, sai dai gashinsa ba ya murɗewa haka. Sarki Matiyas Korbinus, wanda ya yi mulki daga 1458 zuwa 1490, ya ajiye su a fadarsa. Farin nan yana taimakon makiyayi ya bambance karensa da kyarkeci cikin dare.

To, a nan ne muhimmin batu yake. Ƙarfin da kare zai kashe kyarkeci da shi, da shi zai iya kashe tunkiya. Me ya hana shi? Reno. Tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin garke, ya kwana da tumaki, ya saba da ƙanshinsu, har ya ɗauke su danginsa. Aikin kora da tattara dabbobi na wani ƙaramin kare ne mai suna Puli. Babban kuwa kwanciya yake yana lura, ba ya tashi sai ya ga barazana.

Wannan riƙon amana ya jawo musu asara mai yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, domin sojojin da suka ratsa ƙasar sun riƙa harbe su saboda sun ƙi barin ƙofar gonakin iyayen gidansu. Kuvasz ya kusa ƙarewa, sai bayan 1945 masu kiwonsa suka sake farfaɗo da irinsa daga 'yan kaɗan da suka tsira.

Don haka, duk mai neman karen gadi kada girman jiki ya ruɗe shi. Wanda ya ɗaure kare da sarƙa, ya bar shi da yunwa don ya yi zafin rai, ya tanadi abin da zai cutar da maƙwabta da dabbobinsa ne. A ciyar da shi, a shayar da shi, a rene shi tare da abin da zai tsare.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muka ji.